Zanen Goyon Tiyamike

Tiyamike, mai sayar da dankali a bakin titin Dedza, ta tafi asibiti haihuwa da sabon zanen goyo. Da naƙuda ta tsananta ta yi ta kiran nas. Nas ta leƙo ta ce, "Ke, rage mana ihu, da sauranki!" ta yi gaba abinta. Ita kaɗai ta haihu a ƙasa, yaron bai ko yi kuka ba.

Cikin zanen nan tsofaffin mata suka binne shi, ba da ita ba, don a garinsu ba a yi wa irinsa makoki.

Ta tambayi kakarta, "Kaka, da nas ɗin nan ta tsaya, da ya rayu?"

Tsohuwar ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. In kin sake samun ciki, hannunta za ki koma."