Kwana Biyar a Lambun Yaya Sale

Asabar: Kano zuwa Birnin Kudu

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba na bar gida. Ni tela ne, ɗinkin sallah kuma ya kusa kwantar da ni. Jinina ya hau, ƙeyata kamar an ɗora mata dutse. Likita ya ce ko in ajiye keke na huta, ko wata rana a kawo ni ranga-ranga. Shi ya sa na nufi Gwaram, wurin yayana Sale.

Bakwai saura motarmu ta cika. Shinge biyu muka wuce bayan Wudil, babu wanda ya ɓata mana lokaci. Tara da kwata muna Birnin Kudu. Na sha koko da ƙosai a tasha, na shiga ƙaramar bas. Direban ya leƙa gabas, ya ce da wuya hadarin nan ya watse yau.

Gwaram

Sha ɗaya na sauka cikin zafin bazara. Yaya Sale ya goya ni a babur zuwa lambunsa, tafiyar minti ashirin. Ya shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro, sannan ya miƙo hannu.

"Kawo wayar nan, Habu. Masu kaya ba za su yi yawo tsirara ba."

Da ƙyar na ba shi.

Bayan la'asar ruwan farko ya sauko. Muka fake a bukka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini ƙirji. Yana ba ni labarin barkononsa barci ya sace ni, sai magariba ya tashe ni.

Sauran kwanakin ban yi aikin komai ba. Da safe in kalli manoma suna shuka gero, balbelu na bin shanu. Da rana Inna Ladi, matarsa, ta kawo fura da nono. Kan in ankara, ciyawa ta fara tsirowa a gefen tabarmata.

Ranar Laraba muka je asibiti. Ma'aikaciyar ta gwada jinin sau biyu, ta ce, "Baba, ya sauka. Sai dai kada a bar magani." Na fito na zauna a kan benci, na yi hamdala.

Alhamis: Komawa

Takwas na baro Gwaram da buhun mangwaro, azahar ina ƙofar gida. Maiɗakina ta tsaya tana kallona, ta ce rabonta da jin na yi sallama da murya haka tun kafin azumi.

Na gode wa Allah. Yaya Sale da Inna Ladi, Allah Ya saka da alheri.