Ɗan Farin Dije Mai Daddawa

Duk Adabka babu wanda bai san Dije mai daddawa ba. Wanda bai san fuskarta ba, hancinsa ya san ƙofar gidanta. Tun tana amarya take dafa kalwa, kuma a da mutane toshe hanci suke yi su wuce. Amma shekarar da aka yi ɗarin nan mai kashe 'yan awaki a garke, wanda ya sa liman ya koma gajerun surori da Asuba, sai gidan Dije ya zama fada. Matan unguwa su zo wai ɗibar wuta, su tsugunna a gindin tukunya har hantsi.

Sanyin bai ƙyale sana'ar ba. Kalwa ba ta nuna sai da ɗumi, buhunan rufi suka kasa, dole Dije ta lulluɓe kwanduna da bargonta, ita ta kwanta da zane biyu. Wannan bai dame ta ba. Abin da ke cin ranta yana ƙetaren darni.

Nuhu ɗanta ne na fari. Ranar da aka yaye shi, Lubabatu, yayar mijinta wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya shi zuwa gidanta, darni ɗaya tsakani. Dije ba ta hana ba, don ɗan fari ba a nuna ana son sa. Ko sunansa ba ta taɓa faɗi ba, in ta kama dole sai ta ce "wancan". Yanzu ya zama magidanci, yana kabu-kabu zuwa Bukkuyum, kuma kullum kafin ya kama hanya sai ya tsaya wajen Lubabatu. Ta hudar darni Dije ke kallon tsohuwar tana naɗa masa ƙyalle a wuya, tana ɗura masa kunu. A bakin wace wuta? Wutar kara, wadda ko kyanwa ba za ta ɗumama ba. Ita kuwa mai gungume a murhu, kowa ya sha ɗuminta ban da wanda ta haifa. Kishi take yi, ta sani, kuma duk wanda ta gaya wa dariya zai yi mata.

Wata safiya sai ga sallamarsa a tsakar gidanta. Ta juya fuska wajen tukunya. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta.

"Inna ta kwana tari," in ji shi, yana nufin Lubabatu. "Ɗakinta sanyi. Ko a maido ta nan har ɗari shi wuce?"

"A kawo ta," Dije ta ce wa tukunya.

Ta ba Lubabatu gadonta, ta kai mata garwashi a kasko, a ranta tana cewa yanzu dai dole ya riƙa shigowa. Ya kuwa riƙa shigowa. Ya gaishe ta a tsaitsaye ya wuce ɗaki, dariyar da take ji daga nesa ta dawo bayan kunnenta.

Rannan Lubabatu ta kira ta daga kan gado. "Dije, taho ki ga ƙahwar yaron ga. Faso ya tsaga ta har jini, ni ko hannuna rawa shikai. Narka man kaɗe ki shahwa mishi."

Rabon da ta taɓa shi tun yana shan nono. Ta narka man ta durƙusa, shi kuma ya kafe ido a rufin ɗaki. Ƙafar nauyi gare ta, sanyi ƙalau, yatsun irin na ubansa. Tana cikin shafawa sai yatsanta ya hau wani tsohon tabo, dogo, daga idon sawu har tafin ƙafa.

"Wanga tabo hwa?" ta tambayi bango.

Su biyun suka kwashe da dariya tare. "Lauje na, yana ƙarami," in ji Lubabatu. "Wata guda ina goyon shi. Ban gaya miki ba, na ga ba ki tambaya."

Suka shiga ba da labarin, wannan na katse wancan. Dije ba ta ɗago ba. Ta ƙara lakato mai ta cika tabon da shi, ko da yake ya daɗe da warkewa.