Kwamfuta Mai Zazzaɓi

Ina shekarar farko a digiri na biyu na injiniya aka ba mu hutu, na tafi ƙauyenmu da ke kusa da Kiru ɗauke da aikin da malaminmu ya ba mu. Za mu zana ƙarfen gada a kwamfuta, mu yayyanka shi ƙanana-ƙanana, mu ɗora masa nauyin babbar mota, sannan mu bar kwamfutar ta lissafa yadda zai lanƙwashe.

Lissafin yana da cin lokaci, kwamfutata kuma ta tsufa, ga shi ana tsakiyar bazara. Da ta ɗau zafi sai ta mutu, in sake daga farko.

Wata rana ina zaune a rumfar kakata, mahaifiyar babana, abin ya sake mutuwa, na yi tsaki. Ta matso ta ɗora bayan hannunta a jikin kwamfutar, kamar mai taɓa goshin jariri.

"Maigida, ai zazzaɓi ne da ita." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

Na yi mata bayani. Ta shiga ɗaki ta fito da mafici, ta ce in kunna.

"Kaka, za ki gaji."

"Kai dai yi naka, in yi nawa."

Ta yi ta fifita, in hannu ya gaji ta sauya. Can ta tambaye ni su wa za su bi gadar. Na ce babu kowa, gadar ta koyo ce kawai.

"Duk da haka a yi ta da kyau," in ji ta.

Da aka kira la'asar ta ce in je masallaci in dawo in karɓe ta. Ina dawowa na tarar lissafin ya ƙare, ita kuwa ba ta sani ba, tana ta fifita. Hoton ƙarfen ya fito shuɗi daga gefe, tsakiyarsa ja wur. Ta nuna jan da yatsa. Na ce nan ne ƙarfen ya fi jin jiki.

"Allah sarki," ta ce, ta kai hannu ƙugunta. "Ni nan ne nawa jan yake."

Na rufe kwamfutar. Bayan ta idar da salla na ɗauko man zafi na murza mata ƙugun har da kafaɗa, tana mita wai hannun ɗan boko ba ƙarfi.