Ba a Haɗa Furfura Biyu

A shekarun farin nan da gero ya riƙa bushewa tun bai fitar da kai ba, abin da ya rage mai numfashi a gidanmu, ban da mutane, ɓerayen Masar ne. Awaki sun tafi kasuwar Ɗambatta ɗaya bayan ɗaya, kaji kuma ciwo ya share su. Ga wanda bai san ɓeran Masar ba, wata 'yar dabba ce mai kama da zomo, ba wutsiya, ba dogon kunne, ba ta da aiki sai ci da haihuwa. Da can maƙwabta dariya suke mana wai muna kiwon ɓera. Da yunwa ta kai yunwa, su ne masu leƙowa da kwano a sam musu romo.

Kiwon na gwaggona ne, yayar mahaifina, wadda kuma ita ce uwar mijina, don auren zumunci aka yi mana. Mijina ya tafi cin rani birni bai dawo ba, iyayena ma sun bi masu ƙaura. Gidan ya rage daga ni sai ita, sai cikina na fari.

Gwaggo tana da doka biyu a kan dabbobinta. Ta farko, duk kaka sai ta kai namijinta wani ƙauye wajen Minjibir ta musanyo wani, don kada uba ya hau 'ya'yansa. Ta biyu ta shafi launi. Yawancin matan namu masu furfura ne, wato farin gashi ya cakuɗu da baƙi kamar gemun dattijo. Ta ce mai furfura ba ta da miji sai mai launi ɗaya, don haka duk namiji mai furfura da aka haifa a gidan, tukunya ce makomarsa. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce haka ta gada. Ni kuwa a lokacin na ɗauka duk abin da tsohuwa ta kasa bayyanawa camfi ne.

Ina da ciki wata huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita. Maza biyu ne a akurkin: baƙin da ta musanyo, da wani matashi mai furfura da nake ta ja masa kwana saboda kyansa. Ta ce in kai mai furfurar wajen maƙwabcinmu ya yanka a yi mata romo. Na tsaya na dube su, na ɗauki baƙin. Na gaya wa kaina ya fi tsoka, mara lafiya kuma tsoka take buƙata. Ƙarya nake yi, son zuciya ne kawai. Ta sha romonta, ta sa mini albarka, ni kuma na ci gaba da kula da akurkin ni kaɗai a bayan rumbu.

'Ya'yan ɓeran Masar da gashinsu ake haifarsu, ido buɗe, kafin ka juya sun fara gudu. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, wata rana da azahar, na je zuba musu dusa na tarar an haihu. Uku suna ta zagaye uwarsu. Na huɗun yana tsaye a tsakiyar akurkin, fari fat kamar audugar da aka gurza, ko motsi ba ya yi. Na ɗauko shi na juyo fuskarsa. Inda ido ya kamata ya kasance babu komai, gashi ne kawai ya shafe wurin sumul. Na sa yatsa na laluba, ban ji ko tudun ƙwayar ido ba.

A cikin mako biyu fararen suka zama uku. Ba sa ji kuma, don na buga murfin kwano a kusa da kunnensu ko gezau. Sauran da sun ji takuna sai su ɗauki fito, akurkin ya kaure. Fararen kuwa shiru suke, amma duk inda na tsaya sai su juyo da fuskokin nan marasa ido su saita ni. In na koma hagu su bi ni, in na koma dama su bi ni. Yanzu na san ƙamshin dusar da ke zanena suke bi. A lokacin, da rana tsaka, garin tsit babu kukan akuya ko na zakara, na rantse cikina suke kallo.

Matan unguwa sun sha faɗa cewa mai ciki ba ta kallon mummunan abu, ɗan yakan ɗauko. Wannan bai dame ni kamar lissafin da nake yi ina daka ba. Mai furfurar nan da matan jininsu ɗaya, ni da mijina ma kakanmu ɗaya. Duk sanda ɗan ya motsa sai in tuna fararen nan. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, ga shi ba ni da wanda zan tambaya sai wadda na yi wa ƙarya.

Da abin ya ishe ni, na ɗauko ɗaya a ƙwarya na ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta dube ni, ba ta ko tambayi wanne aka yanka ba. Ta ce a yarintarta ta taɓa ganin irinsu, ba sa kwana da yawa, don haƙoransu ma a karkace suke fitowa. Ta ce zumuncin kaɗai ba shi ke kawo wannan ba, furfurar ce: in ɗaya ce ado ce, in ta zo ta wajen uwa ta zo ta wajen uba sai ta cinye idon.

Na cire kunya na ce, "Gwaggo, to mu fa?"

"Kafin a ɗaura muku aure na bi danginmu har kakanni huɗu, ban ga makaho ba sai na tsufa," in ji ta. "Amma ta dabba a gashi take, kowa na gani. Ta mutum ban san inda take ɓuya ba."

Ban ji daɗin amsar ba, na so ta yi mini ƙarya kamar yadda na yi mata. Washegari ta sa aka yanka mai furfurar. Da ta ɗan ji ƙarfi ta ɗauki mata biyu a kwando, ta taka har ƙauyen nan da sandarta, ta dawo da jan namiji ɗaya. Fararen sun mutu ɗaya bayan ɗaya duk da kunun da nake ɗiga musu, na binne su a gindin rumbu.

Da watanni suka cika, da hantsi na haihu, mace. A al'adarmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, kawar da kai take yi kamar ba nata ba. Ungozoma ta yanke cibi, gwaggo ta karɓi jaririyar ta juya baya tana goge ta, ɗakin cike da matan maƙwabta. Na jira in ji wani ya ce wani abu game da fuskarta, ba wanda ya ce komai. Sai na miƙe a kan gwiwa na fizge ta daga hannun uwar mijina. Idanunta a rufe suke, a kumbure. Na ɗora babban yatsa a kan fatar, na kasa ɗagawa.

Matan suka yi salati. Shekara da shekaru ana ba da labarina a unguwar, wai ni ce marar kunyar da ta rungumi 'yar fari tun ba a wanke ta ba. Na zaci gwaggo ce za ta fara tsawata mini. Sai ta sunkuyo, ta riƙe hannun nawa, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Bar ta ta yi barcinta. Suna nan duka biyun, na riga ki dubawa."