Abin da Na Ɓoye Ƙarƙashin Amawali

Tun ina ɗan lakkol, wato ɗan makarantar boko, haƙorana biyu na gaba suke riga ni shiga ɗaki. Sun turo waje, leɓe ya kasa rufe su, sai na girma ina dariya da hannu a baki. Babu abin da na taɓa so a duniya kamar in yi dariya baki buɗe a gaban mutane.

Sai da na doshi shekara arba'in, ina koyar da kimiyya a wata kwaleji nan Tawa, na yi ta maza na hau mota zuwa Yamai. Likitar haƙori ta manna mini ƙananan ƙarafa a haƙora, ta zarga musu waya ta ɗaure. Kafin in tashi ta yi mini karatu. Ta ce ƙwayoyin cutar da ke cin haƙori ba su da mazaunin da ya fi gindin ƙarafan nan, don yawu ba ya wanke wurin, asuwaki kuma ba ya shiga. Duk zaƙin da na kurɓa su za su fara sha, su mai da shi tsami, tsamin ya ci haƙori. Don haka in na sha zaƙi in goge baki nan take, da wani siririn buroshi da ta ba ni.

Na ce, "Madam, ai ni nake koya wa yara wannan darasin." Har da ɗaga kai.

A hanyar dawowa kunya ta kama ni. Ƙato da gemu, uban ƴaƴa, da ƙarfe a baki kamar an sa wa doki linzami! Na tuna ƴan fadarmu, inda muke zama bakin shagon wani tela, abokina tun ƙuruciya, daga la'asar zuwa magariba. Mutanen nan ko sabon takalmi ka sa sai sun yi mako suna yi maka waƙa. Ina sauka tasha na wuce kasuwa na sayi rawani, na naɗa, na ja amawali ya rufe mini baki har hanci. A Tawa wannan ba abin kallo ba ne. Na ce musu kakana na wajen uwa, can Affala, haka yake naɗi, ni ma na koma ga asali.

Na koyi shan shayi irin na Buzaye, in cusa finjali ta ƙarƙashin amawali ba tare da an ga bakina ba. Na ƙware har ina alfahari. To, telan nan hannunsa ba ya tsoron sukari. Zubin farko da ɗaci, na biyu da dama, na uku kuwa zuma ce zalla, ga dabino yana zagayawa a tsakani. In na ce ba na sha, sai an tambayi dalili. In na tashi goge baki, asiri ya tonu. Buroshin yana aljihuna kusa da biro, bai taɓa ganin hasken fada ba. Da safe in zana wa ɗalibai ƙwayoyin cuta a allo, da marece in je in ciyar da nawa.

Matata ce ta fara cewa, "Malam, dasashinka fa yana jini." Na ce aikin wayar ne. Duk zuwan da na yi Yamai likita tana nuna mini fararen tabo a gefen ƙarafan, ta ce haƙori ne ya fara zagwanyewa. In yi alkawari, in dawo in ja amawali. Daga baya ko ruwan randa na kurɓa sai na zabura.

Ranar da aka cire wayar ta miƙo mini madubi. Haƙora sun miƙe sambal, sun jeru yadda na yi mafarki. Amma kowanne da ɗan fari a tsakiya inda ƙarfe ya zauna, kewaye da baƙin zobe. Ɗaya daga cikin na gaban nan biyu ya rube har ciki, ta ce ba zai tsira ba. Wallahi hawaye na ji sun taho. Baiwar Allah ba ta tuna mini cewa ni ke koyar da darasin ba.

Da na koma fada na sauke amawali, na buɗe baki, na jira waƙa. Tela ya duba, ya ajiye buta.

Ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Mushe, ai tun makon hwarko munka sani. In kana magana wani ɗan hito ka hita. Kuma mi ya kai kakanka Affala, mutumin da munka sani yana saida albasa nan kasuwa? Munka ce tunda kunya kaka ji, mu ƙyale ka. Da ka hwaɗi, ai da naka nika zubawa kahin in sa sukari."

Sauran suka sunkuyar da kai. Ko mutum ɗaya bai yi mini dariya ba ranar, kuma wannan ya fi ciwon haƙorin yi mini zafi.