Waken Sagiru

Ina cikin rubutu a allo da safiyar Juma'a, sai ga wani dattijo a ƙofar aji da sanda a hannu. Na zaci ƙorafi ya kawo. Ban daɗe da fara koyarwa ba, kuma hedimasta ya gargaɗe ni don ajina yana zama wayam duk Juma'a, ranar kasuwar Wudil.

Shi ya sa makon jiya na sa kowane yaro ya shuka wake a gwangwanin madara, na ce Juma'a za mu auna mu ga na wa ya fi tsawo.

Bayan mun gaisa dattijon ya ce, "Kai ne malamin Sagiru?"

"Ni ne, Baba. Allah ya sa lafiya."

"Ina fa lafiya! Ya ƙi raka ni kasuwar shanu, wai wakensa. Gonar wake guda gare mu a Dagumawa, ba ya leƙa ta sai da tsawa!" Sai ya fashe da dariya. "Nuna min nasa in gani."

A nan na yi ajiyar zuciya. Ranar, benci ɗaya ne kawai babu kowa.

Malamai, da me kuke riƙe yara ranar kasuwa? Waken nan ba zai kai ni ƙarshen zango ba.