Asama'u Barau, Wadda Ta Hana a Binne Ƙarin Rabo

Da an idar da sallar Asuba, Hajiya Asama'u Barau za ta fito daga unguwar Harra ta Gabas ta nufi ɗakin gwaji na asibiti. Aikinta ba na ado ba ne. Ƙari, wato tsiron naman ciwo, da likitoci suka ciro daga ƙwaƙwalwa ko laka take karɓa, ta daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, ta yanka siriri don a duba, ta adana saura. A haka ta yi furfura, ga shi bana ta ajiye aiki.

Mutanenmu kuwa, duk abin da aka cire daga jikin mutum naɗe shi suke yi a binne. Don haka da aka yi wa Rabo, mai aikin gonar dabino a Al-Awali, tiyata a kai aka ciro ƙari, matarsa Zenabu ta zo da farin ƙyalle.

"Hajiya, ki ba mu amanarmu mu binne, shi ke nan."

"Zenabu, mijinki da ransa. Ɗauki mai yawan, ki bar mini kamar ƙwayar gyaɗa. Wallahi ban san ranar amfaninsa ba, amma ba zan ce miki ba ta zuwa ba."

Zenabu ta yarda tana hawaye. Unguwa ce ba ta yarda ba. Aka sa wa Asama'u suna mai ajiyar naman mutane, har kunun da take aikawa da azumi aka riƙa dawo mata da shi. Abin ya ci mata rai matuƙa, amma ko gezau.

Shekaru suka ja, ciwon Rabo ya dawo, a wurin da wuƙa ba ta isa ta taɓa ba. A lokacin ilimi ya ci gaba. An gano cewa ƙari biyu kan yi kama a ido, amma gwajin ƙwayoyin gadonsu ya raba su, wani yana jin magani, wani ba ya ji. Likita ya ce in da tsohon naman, a aika waje a gwada. Asama'u ta miƙo shi. Na Rabo ya fito mai jin magani.

Ke ce mai haƙurin dutse, Asama'u. Ke ce aka zaga da rana, kika wayi gari kika koma bakin aikinki. Ba wanda ya zo ya ba ki haƙuri, mu ma ba mu jira su ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

'Yan baya, ku riƙe aikinku kamar yadda ta riƙe nata. Masu tsegumi kuma, in da sauran magana, ku je Al-Awali ku faɗa wa Rabo. Sai dai ku ɗaga murya, don yana can saman dabino.